Dabbobin Wendell a Bakin Taga

Litinin, 11 ga Maris, da hantsi

Mai dogon wuyan nan da ke bakin taga ba na Wendell ba ne. Na rubuta don in san ranar da na fara lura.

Launinsa ɗaya, ruwan toka, girmansa ɗaya, kansa a karkace yadda na san shi. Amma da na ɗauka zan goge ƙura sai hannuna ya ƙi yarda. Ya yi sulɓi da yawa. Na kai hanci, ban ji komai ba. Dainason mijina, ƙadangarun roban nan na wasa da yake tarawa, duk suna da wari, irin na kakin zanen 'yan firamare da ya tsufa a gwangwani. Tsohuwar roba ce, tun ta zamanin yarintarsa. Shekara da shekaru ina jin warin nan a hannunsa in ya hawo cin abinci, har ina korarsa ya je ya wanke. Wannan kuwa ba ya warin komai.

Na bi sauran na shinshina. Mai ƙaho uku, mai farantai a gadon baya, mai fukafukai, da babban mai tumbin nan da Wendell ya fi so. Duk su ne.

Bayan jana'iza a watan Janairu na sa Merle, abokinsa, ya kwaso min waɗannan daga ɗakin ƙasa ya jera a falo, inda zan riƙa ganinsu. Sauran suna can a kwalayensu. Ni ba na sauka.

Na ce wa kaina ko mura ce. Amma mura ba ta zaɓen dabba ɗaya.

Laraba, 13 ga Maris, da yamma

Na sake shinshinawa. Yana nan yadda yake, ba shi ba ne.

Na yi wanki a wurin wanke-wanke na shanya a kan kujeru. Injin wanki yana ƙasa.

Asabar, 16 ga Maris, bayan abincin rana

Merle ya zo kamar kullum. Tun kafin mu haifi Paulette ba Asabar ɗin da ba ya zuwa, su sauka shi da Wendell su wuni suna gardama a kan wace masana'anta ta zuba wane ƙadangare. Yanzu yana zuwa ne ya duba min injin ɗumama gida. Ya sauka da wannan ƙatuwar kwat ɗin tasa ta tsohon mai raba wasiƙu, ya daɗe, ya hawo ido jawur ya ce ƙura ce.

Na zuba masa kofi. Ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Uwargida, kofin nan naki har yanzu zai tayar da tarakta."

"In bai yi maka ba ka je gidan mai, nasu ruwan wanke kofi ne, daidai da kai."

Ya yi dariya. Ni ma na kusa.

Ya je bakin taga ya tsaya, hannu a baya. Rana ta faɗo a kan dabbobin sosai. Ya kalli labule, ya kalle ni. Ya tuna abin da ya samu wancan karon da ya ce in ja shi. Na gaya masa a lokacin, rabin rayuwata na yi a gidan nan cikin duhu saboda robobi, kuma tun daga Janairu ba na iya zama a ɗakin da ba haske. Na ce duk wanda ya sake yi min zancen labule ya ajiye min makullina ya kama gabansa.

Na ce, "Merle, ka ga wani abu ya canza a nan?"

"Kamar me?"

"Mai dogon wuya."

Ya leƙa. "Ga shi nan, lafiyarsa lau."

Bai ɗauka ba. Merle da ko a kasuwar gwanjo ba ya wuce dainaso sai ya juya shi ya duba cikinsa. Na ce wataƙila zuciyarsa ce ba ta iyawa. Ni ma akwai abubuwan Wendell da ba na taɓawa.

Lahadi, 17 ga Maris, bayan coci

Mai ƙaho uku ya tafi. An ajiye wani a wurinsa, har da yadda yake fuskantar titi.

Na kira Paulette a Columbus. Da na sani ban kira ba.

"Mama, tsaya. Kina nufin wani ya shigo gida, ya bar talabijin, ya bar zoben Kaka, ya ɗauki ƙadangaren roba?"

"Ya ajiye wani a madadinsa."

"Iri ɗaya."

"Iri ɗaya a ido."

Na san tana ɗaga wa mijinta hannu ne ya rage talabijin. Ta ce, "Mama, kin ci abinci yau? Kina shan maganinki?" Muryar nan da ake yi wa wanda ke kan gadon asibiti.

Na ce na ci, na sha, kuma hancina yana wurinsa.

Bayan na ajiye waya na tuna. Washegarin jana'iza Paulette ta bi dabbobin nan tana ɗaukar hotonsu da waya, sama da ƙasa. Ta ce don tunawa. Ita da tun tana yarinya take jin haushinsu, tana cewa Baba ya fi sanin sunayensu a kan na ƙawayenta. Ita ma tana da makulli. Columbus ba nisa ba ce ga mai mota.

Allah ya yafe min. 'Yata ce.

Talata, 19 ga Maris, da safe

Na sa faranti biyu. Na mayar da ɗaya.

Alhamis, 21 ga Maris, tsakar rana

Wani mutum ya kira. Bai faɗi cikakken sunansa ba, ko ya faɗa ban riƙe ba. Ya yi min gaisuwar rashi da murya mai laushi, ya ce ya san Wendell a wajen baje kolin kayan wasa, mutumin kirki. Sannan ya ce in kayan sun yi min yawa, shi zai iya zuwa ya rage min nauyi.

Wendell ya sha faɗa min, mutanen nan kafin su duba hasashen yanayi a jarida sai sun duba shafin waɗanda suka mutu.

Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce ya fahimta. Sai ya ce, "Mai tumbin nan mai ruwan azurfa yana nan kuwa?"

Na ajiye wayar. Na juya na kalli taga. Wa ya gaya masa launinsa?

Na zagaya na duba ƙofar baya da tagogi. Ba inda aka taɓa. Ƙofar ɗakin ƙasa na tsaya a gabanta na saurara. Injin ɗumama gida ne kawai ke gurnani. Ban buɗe ba.

Asabar, 23 ga Maris, da yamma

Na sa wa Merle ido yau. Ban bar falon ba sai da buta ta yi fito. Da na dawo yana zaune inda na bar shi, kwat ɗinsa a jikinsa.

"Ba za ka cire kwat ba? Gidan da ɗumi."

"Tsufa, uwargida. Sanyi ya shiga ƙashi ya kama haya."

Na ba shi labarin mai wayar. Ya haɗe rai ya ce ungulaye ne, kar in sake kula su. Ya gyara min ƙofar kabad ɗin kicin da ke lilo. Ya tafi da ragowar miyar kaza a roba.

Ban shinshina ba bayan ya tafi. Ban so in sani ba. In shi ne, to ba sauran mai zuwa gidan nan da ya san yadda Wendell ke dariya.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan coci

Mai farantai a baya ma ya tafi.

Jiya ne, ko ɗazu ina coci? Ni na jawo wa kaina rashin sani.

Alhamis, 28 ga Maris, rana ta kusa faɗuwa

Paulette ta zo ba sanarwa. Ta tarar da zanin gado a shanye a kan ƙofa, safa a kan kujerun cin abinci. Ta tsaya da jaka a hannu tana kallo. Ta ga tukunyar da na ƙona ranar Litinin, na jiƙa ta a baya. Wa bai taɓa ƙona tukunya ba?

Na ja ta bakin taga. Na ba ta mai fukafukai a hannun dama, mai dogon wuya a hagu. Na ce shinshina.

Ta shinshina don ta faranta min. "Mama, roba nake ji. Duka biyun."

"Wannan na kaki ne. Wannan ba komai."

"To."

Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo.

Ta tattara wankin ta sauka da shi. Na ji takunta a kan matakala, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar in ji sauran. Da ta hawo ta riƙe hannuna ta ce, "An wanke wurin da aka tsinci Baba, Mama. Ba abin da ya rage. Ki zo in riƙe ki, mu sauka tare."

Na ce wani lokaci.

Daga baya na ji ta a baranda tana waya. "Kawu Merle, don Allah faɗa min gaskiya, kai ka san su. Akwai wanda aka canza?" Ban ji amsarsa ba. Na dai ji ta ce, "Haka na yi zato. Na gode."

In ita ce, me zai sa ta tambaye shi? Sai dai in don in ji ta yi.

Juma'a, 29 ga Maris, da hantsi

Ta ce akwai wani wuri kusa da gidansu, mai kyau, ɗaki da tagogi manya, ba matakala ko ɗaya. Ta ce ba gidan tsofaffi ba ne. Ta nuna min hotuna, kowa a ciki tsoho ne yana dariya.

Na ce dabbobin babanki fa?

"Za ki iya tafiya da ɗaya ko biyu. Sauran mu ga yadda za a yi."

Mu ga yadda za a yi.

Na ce a gidan nan aka kawo ki daga asibiti. Ta ce ta sani. Ta ce akwai likitan da ke duba masu mantuwa, za a yi min 'yan tambayoyi ne kawai, ba allura. Na ce ni ban manta komai ba, matsalata ke nan.

Lahadi, 31 ga Maris, da yamma

Ta koma. Za ta dawo ranar Alhamis.

Ban je coci ba. Na zauna a falo gadi. Ba wanda ya zo. Amma mai fukafukai ba ya wari. Jiya Merle ya zo, Paulette ma tana gidan, ni kuma na ɗan kwanta da rana saboda kaina na sara.

Saura mai tumbi. Na ɗauke shi daga taga na sa a aljihun rigar girkina. Da shi nake yawo.

Talata, 2 ga Afrilu, da safe

In ni ce fa?

Kakata ta yi shekarunta na ƙarshe tana rantsuwa cewa an canza mata miji, wannan wani ne ya sa rigarsa. Ita ma ba ta da shakka. Ita ma kowa "to" yake ce mata.

Na fito da mai tumbi na shinshina. Kaki, gwangwani, hannun Wendell. Na ɗauki mai ƙaho uku. Ba komai. Na rufe ido na cakuɗa su a kan cinyata na sake. Ban kuskure ba. Amma in kaina ne ya taɓu, shi ma wannan gwajin ai kaina ne ya yi.

Wendell, ran nan na yi ta kiranka abinci na sanyi, ina faɗa ni kaɗai a kicin, ina cewa in ka ga dama ka kwana da su. Ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da yamma

Ta dawo. Likita ranar Talata. Ranar Laraba kuma wata dillaliyar gidaje za ta zo, wai ta duba ne kawai. Paulette ta faɗa tana jera min kayan cefane a firij, ba ta juyo ba.

Na ce, "In na nuna miki da gaske an canza su fa?"

Ta rufe firij. Idonta ya ciko. "Mama, wallahi ba abin da nake so kamar ki zama da gaskiya. Ba na barci. Ina tuƙi ina tunanin ko kin bar wuta a kunne."

Na daɗe ina kallonta. Ɓarauniya ba ta irin wannan fuskar. Ko kuma ban san fuskar 'yata ba kuma.

Juma'a, 5 ga Afrilu, tsakar rana

Paulette ta bar jan farcenta a kan tebur. Na zauna ina kallon kwalbar.

Wata shekara a wajen baje koli mun ga wata mata ta rubuta sunan jikanta da jan farce a jikin wani tsohon dainaso. Wendell da Merle har muka iso gida ba wanda ya yi magana a mota, kamar daga makabarta muke. Wai ba ya fita, yana cin robar.

Zan gasa kek ɗin tuffa gobe. Merle ba ya tashi daga tebur in akwai shi.

Asabar, 6 ga Afrilu, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, tun yana sabo.

Muna tebur mu uku. Na yanka wa Merle babban yanki. Ya tambayi mai tumbi, ya ce bai gan shi a taga ba. Na ce yana nan. Na tashi na kwaso huɗun da ke taga na jera a gaban farantina. Na buɗe kwalbar jan farce.

Paulette ta ce, "Mama, me za ki yi?"

"Ado zan yi musu. Sun yi duhu da yawa."

Na ɗauki mai dogon wuya na ja masa ja tun daga kai har wutsiya, a hankali. Ina kallon Merle ta gefen ido. Ya ɗaga kai ya gani, ya ɗan tsaya, ya ci gaba da tauna. Na yi wa mai ƙaho uku ƙahonninsa. Ya kurɓi kofi.

Paulette ta rufe baki da hannu. Hawaye na zubo mata. Na san abin da take gani. Na so in tsaya don ita, amma ban tsaya ba.

Na sa hannu a aljihu na fito da mai tumbi na tsayar da shi a kan tebur. Na tsoma burushin, na ɗago shi yana ɗiga.

Ban taɓa sanin Merle na iya irin wannan zabura ba. Kujera ta kife, kofi ya malale, ya cafke min wuyan hannu.

"Lorene! Kar ki kuskura! Wannan na gaske ne!"

Ba wanda ya motsa. Kofi na ɗiga a ƙasa.

Na ce, "Waɗancan fa, Merle?"

Ya saki hannuna. Ya ɗaga kujerar ya zauna kamar wanda aka zare wa ƙashin baya. Ya kalli hannayensa.

"Sabon zubi ne. Irin waɗanda nake ajiyewa a gaban tebur a wajen baje koli, don masu son taɓawa."

Paulette ta ce, "Ban gane ba."

"Rana ce," in ji shi. "Tana cinye su. Sai su koɗe, su bushe, wata rana ki ɗauka wutsiya ta ɓalle miki a hannu kamar biskit. Na faɗa miki, Lorene, kika ce in ajiye makulli. Kullum na zo sai in ga mai dogon wuya ya ƙara haske. Ban iya barci ba."

"Sai ka zama ɓarawo."

"Suna ɗakina, a nannaɗe, a duhu. Ko ƙwarzane babu. Mun yi alkawari da shi tun da daɗewa, wanda ya rage zai kula da na ɗan'uwansa. Na ce ke ganinsu kike so, ga su kina gani. Ban zaci za ki gane ba. Masu sana'ar ma sai sun sa tabarau."

"Na tambaye ka. A falon can, baki da baki."

Ya sunkuyar da kai.

Sai Paulette ta miƙe. Tun tana 'yar shekara sha biyar ban ji ta ɗaga murya haka ba. "Kawu Merle, ni ma na kira ka! Na ce ka faɗa min gaskiya!"

"Na ɗauka tambaya ce kawai, 'yata."

"Tambaya? Na kama wa Mama ɗaki! Likita zai duba kanta ranar Talata! Ana zuwa ganin gidan nan ranar Laraba!"

Ya kalle ta, ya kalle ni. Launin fuskarsa ya canza. Daga ƙarshe ya ce, "Saboda wannan?"

Na ce, "Saboda wannan, tsohon banza."

Ya sa hannu a aljihun kwat. Na ɗauka hankici zai ciro. Sai ga wani mai tumbin, sabo fil, ruwan azurfa. Da shi ya zo yau. Ya ajiye shi kusa da kek, ya ɗora makullina a gefensa, ya fita ko hularsa bai ɗauka ba.

Paulette ta durƙusa tana goge kofi da tsumma, tana goge wuri ɗaya. Na ce bari, zai bushe. Ta kifa kai a kan gwiwata. Ta ce, "Mama." Shi ke nan abin da ta iya cewa. Na shafa kanta da hannun da ba jan farce.

Lahadi, 7 ga Afrilu, bayan coci

Ya kawo su a kwalin takalmi, kowanne a cikin farar takarda. Ya tsaya a baranda, bai shigo ba. Na zauna a kan matakalar ƙofa na buɗe su a gabansa na shinshina kowanne, yana kallo. Su ne.

Na ce, "Mai wayar nan fa? Wa ya gaya masa launin mai tumbi?"

"Lorene, duk wanda ke harkar nan daga nan har Pittsburgh ya san mai tumbin Wendell. Shi da kansa ba ya rufe baki a kansa."

Zai iya zama haka. Zai iya zama ba haka ba. Na kuma so in tambaye shi, da ban gane ba, yaushe zai dawo da su? Ban tambaya ba, don na ga shi ma bai sani ba.

Na miƙa masa hularsa. Ya juya ta a hannu.

"Asabar fa?"

"Ka ƙwanƙwasa, kamar kowa. Kuma kwat ɗin nan a bakin ƙofa za a rataye ta."

Ya gyaɗa kai. Ya kai mota ya juyo. "Amma don Allah, ba a taga ba."

Mutumin nan ba zai shiryu ba.

Litinin, 8 ga Afrilu, da yamma

Ba a taga ba, ba a ƙasa ba. Muka zagaya gidan da Paulette muna neman wuri mai duhu da ba zafi. Guda ɗaya ne, kabad ɗin kayan sawarsa a ɗakin kwananmu. Tun Janairu ban buɗe ba.

Ita ta buɗe. Muka fito da rigunan muna ninkewa a kan gado. Ta sa shuɗiyar rigarsa ta sanyi a jikinta, hannun ya rufe mata yatsu, ta ce wannan tata ce. Mun yi kuka, mun yi dariyar wandon da ya ƙi yarwa tun bikin aurenta. Ta goge katakon, ni na jera su. Ta tambaye ni sunan mai farantan na gaskiya. Na ce ban taɓa iya faɗa ba, ta tambayi kawunta in ta huce.

Na jabun, masu jan ado, ta mayar da su bakin taga. Ta ce su dai rana ta cinye su in ta ga dama.

Na ce zan je wurin likitan gobe. Ba don kaina ba, don ta samu barci. Kuma tukunyar dai na ƙona ta.

Talata, 9 ga Afrilu, rana ta kusa faɗuwa

Likitar yarinya ce, mai kirki. Ta sa na zana agogo, ta tambaye ni wace shekara muke. Ta ce baƙin ciki yana sa mutum ya ƙona tukunya. Ta ce in dawo lokacin zafi a sake dubawa.

Da muka dawo Paulette ta fita baranda da waya. Na tsaya a bayan ƙofa, ba kunya. Dillaliyar ta kira. Na ji ta ce kar ta zo gobe. Matar ta yi ta magana. Paulette ta ce, "A'a, ba yanzu ba. Mama na nan a gidanta."

Ba ta ce ba za a taɓa yi ba. Na lura da wannan, kuma zan ci gaba da lura.

Ta shigo ta same ni a bayan ƙofar. Ta ce, "Kin ji?" Na ce na ji. Ta ce, "To me za mu ci?"